Ƙarar babur da ƙwaƙwalwar wanda ya tsira

Wanda aka sako daga hannun 'yan bindiga a dazukan Zamfara yakan dawo gida, a ido lafiya lau. Amma da ya ji ƙarar babura da dare sai gabansa ya yanke ya faɗi, gumi ya keto masa. Dangi su ce ya yi haƙuri, ai ya wuce. Haƙuri na da amfani, sai dai abin ya yi mazauni a ƙwaƙwalwa: wani ɗan sashe da ake kira amigdala, mai buga gangar haɗari, ya riga ya ɗaure wannan ƙara da mutuwa.

Ɗaurin yana iya sassautawa. Ƙwaƙwalwa na da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kuma tun 1949 masanin halayyar ɗan Adam Donald Hebb ya bayyana cewa waɗanda ke aiki tare, haɗinsu ƙara ƙarfi yake. Kamar turba ce a daji, yawan bi ke fito da ita. Aikin magani ta hanyar tattaunawa shi ne share sabuwar turba. A 1992 likitan ƙwaƙwalwa Lewis Baxter da abokan aikinsa a Amurka sun nuna a hoton ƙwaƙwalwa cewa masu ciwon waswasi da suka samu sauƙi ta wannan hanya, aikin ƙwaƙwalwarsu ya sauya kamar na waɗanda suka sha magani.

Ga firgici irin wannan, akan yi zama 8 zuwa 15, sau ɗaya a mako, kowanne awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mai ba da maganin da majinyacin su jera abubuwan da ke razana shi, kowanne da maki daga 0 zuwa 100. A fara da na ƙasa, misali sauraron ƙarar babur a waya da rana, ɗan'uwa na gefe. Ya daure, ya ci gaba da saurare har bugun zuciya ya lafa, ya maimaita kullum a gida. Da haka sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi yake koyon taka wa amigdala burki.

Inda ake yawan samun matsala shi ne tashi a gudu lokacin da tsoro ya kai ƙololuwa, domin ƙwaƙwalwa sai ta riƙe cewa gudun ne ya cece ta. Wasu kuma su daina zuwa bayan zama biyu ko uku saboda mafarkai sun ƙaru, alhali hakan kan faru na ɗan lokaci. Shan diyazefam, ƙwayar kwantar da hankali, kafin wannan atisaye yana dakushe koyon, rashin barci ma haka. Tsohuwar turbar kuma ba ta gogewa, shi ya sa ake maimaita atisayen a kasuwa, a tasha, da magariba.

Ba a yin wannan a inda haɗarin yake na gaske har yanzu, kuma ba aikin da dangi za su gwada su kaɗai ba ne. A fara tambaya a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato.