Kafin na bar yarana su kalli shirin 'yan sandan nan

Ɗana mai shekara 15 ne ya zo min da maganar. "Baba, akwai wani shirin 'yan sanda na Amurka da kowa a ajinmu yake kallo, ni kaɗai ne ban fara ba." Ƙanwarsa mai shekara 13 tana tsaye a bayansa ta zuba min ido, don ta san duk hukuncin da na yanke zai shafe ta. Na ce su ba ni mako guda.

Da alamar shekaru na fara. An rubuta TV-14. A 1997 aka soma amfani da wannan tsari a Amurka. TV-14 gargaɗi ne cewa shirin na iya ƙunsar abin da bai dace da yaron da bai kai 14 ba, TV-MA kuwa na manya ne, 17 zuwa sama. Akan ƙara haruffa a gefe: V na tashin hankali, S na batsa a aikace, L na ashar, D na maganganu masu harshen damo. Sai dai tashar da ke nuna shirin ce ke sa masa alamar da kanta, kuma kashi-kashi ake sawa, don haka abin da aka rubuta wa kashi na 2 ba lallai ya yi daidai da na 9 ba. A Birtaniya ƙa'idar ita ce kada a nuna abin da bai dace da yara ba kafin ƙarfe 9 na dare, amma wannan ba ta tsare yaron da ke kallo a waya cikin bargo.

Na kalli kashin farko ni kaɗai bayan sun kwanta, kuma saura ƙiris in amince tun a daren. Gawa ce a kan teburin likita na 'yan daƙiƙu, harbi biyu, zagi kaɗan. Allah ya sa na tuna cewa kashin farko don jan mutane ake yin sa. Sai na tsallaka tsakiyar zangon, na kalli uku a jere, na haɗa da na ƙarshe.

A nan na ci karo da abin da ya tsaya min a rai, kuma ko ɗigon jini babu a cikinsa. An sace wata yarinya, an kama wani mutum. Jarumin shirin ya shiga ɗakin tambayoyi, ya kashe kyamara, ya shaƙe wuyan mutumin har sai da ya faɗi inda take. Aka ceto ta, kiɗa ya tashi, shugabansa ya dafa masa kafaɗa. Na mayar da wurin baya na sake kallo. Ba ko ɗaya daga cikin haruffan nan huɗu da ke gaya wa uba cewa labarin zai tafa wa wanda ya azabtar da mutumin da ke hannunsa. Daga nan na lura abin ya zama ɗabi'ar shirin. Duk wanda ya ce a kira masa lauya, ƙarshe shi ne mai laifin. Lauyan kansa ƙarfen ƙafa ne. Jami'ar da ta dage sai an karɓo takardar izinin bincike daga alƙali, an nuna ta kamar mai ɓata wa mutane lokaci.

Abin da ya sa wannan ya fi jini damuna shi ne na san yadda yake ƙarewa a zahiri. A 1989 a birnin New York, an kama matasa biyar masu shekara 14 zuwa 16 kan harin da aka kai wa wata mata a lambun shaƙatawa na Central Park. Bayan dogon titsiye suka yi furucin da aka kafa hujja da shi, aka ɗaure su. Sai a 2002 kotu ta soke hukuncin, bayan wani mutum dabam ya amsa laifin kuma gwajin ƙwayar halitta ya gaskata shi. Sa'annin ɗana ne. Tun 1966 Kotun Ƙolin Amurka ta wajabta a sanar da wanda aka tsare cewa yana da 'yancin yin shiru da na samun lauya, kuma shirin da yarona ke son kallo yana koya masa cewa mai gaskiya ba ya buƙatar ko ɗaya.

Game da 'yata kuwa, damuwata tsoro ce. Kashi biyu kan fyaɗe suke, kuma kyamarar ta daɗe a kan fuskar wadda aka zalunta fiye da yadda labarin yake buƙata. George Gerbner na Jami'ar Pennsylvania ya nuna tun shekarun 1970 cewa masu yawan kallon talabijin sukan ɗauki duniya ta fi yadda take haɗari. Na san 'yata, abu kaɗan ke hana ta barci.

Da mako ya cika na ce ɗana zai kalla, amma tare da ni a falo, kuma za mu tsallake waɗancan kashi biyun. Ita za ta jira. Ta yi fushi ƙwarai. "Baba, shekara biyu kacal Yaya ya ba ni." Ban ɓoye mata dalilina ba, ko da yake bai gamsar da ita ba.

Da muka iso wurin shaƙe wuyan, na tsayar da shirin. Ya ce, "Amma Baba, ai shi ya sace ta." Na ce, "Kai ka sani domin marubucin ya nuna maka tun farko. Shi ɗan sandan, da me ya sani lokacin da ya kashe kyamara?" Ya yi shiru, can ya ce, "To in yarinyar ta mutu fa?" Mun fi rabin sa'a muna wannan muhawara, kuma bai sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba. Har yanzu jarumin nan yana burge shi. Amma yanzu shi ke fara cewa in tsayar idan aka shiga ɗakin tambayoyi.

Ita kuma na yi mata alkawari, ranar da ta cika 14 zan sake kallon kashi biyun nan, sannan mu zauna mu yi magana. Ta rubuta ranar a jikin littafinta.