Yadda Na Koyi Auna Niyyar Mai Dukan Matarsa

Na daɗe a kwamitin sulhu na unguwarmu a Tudun Wadan Zariya. A da, da zarar miji ya durƙusa a zauren mai unguwa ya ce ya tuba, sharrin Shaiɗan ne, sai mu roƙi waliyyin matar ya bari ta koma ɗakinta. Na daina gamsuwa da haka tun ranar da wata baiwar Allah, wadda ni da kaina na je bikonta, ta dawo gidan iyayenta kafin wata biyu, tana rufe kumburarren idonta da gefen mayafi.

Wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ce ta nuna mini aikin Prochaska da DiClemente, masana daga Amurka da suka nazarci masu barin shan taba a farkon shekarun 1980. Sun nuna cewa barin hali yana da matakai: akwai wanda bai ma yarda yana da laifi ba, da mai tunanin bari, da mai shiri, da wanda ya soma, sannan wanda ya ɗore. A kan wannan aka tsara takardar URICA mai tambayoyi 32 ta gano matakin da mutum yake a Jami'ar Rhode Island, kuma a 2000 aka fitar da irinta domin maza masu dukan mata.

Da na soma yi wa magidanta irin waɗannan tambayoyi da Hausa, kusan kowa ya ba da amsa mai daɗi, domin duk wanda matarsa ta yi yaji ya san abin da dattawa suke so su ji. Sai na koma tambaya guda: daga sifiri zuwa 10, ina niyyarka ta dainawa take? Wani mai shago ya ce 10 ba tare da ya yi tunani ba, amma da na ce, "Malam, ba ni labarin daren," sai duk bayaninsa ya zama ita ta ɗaga murya, ita ta ɓata cefane, ita ta ja wa kanta. Wani tela kuwa ya daɗe yana kallon tabarma kafin ya ce 4. Na bi shawarar Miller da Rollnick, masana kan yadda ake tattaunawa da mutum don zaburar da shi ya canja hali, na tambaye shi abin da ya sa bai ce 2 ba. Ya ce, "Baba, ɗiyata ce ta ɓuya bayan ƙofa da ta ji sallamata, kuma hannuna ne ya jawo haka." A wurina telan ya fi mai shagon kusa da gyara nesa ba kusa ba, domin ya ɗora laifin a kansa, ya kuma faɗi inda zai je ya zauna idan zuciya ta ɗebe shi.

Duk da haka, lamba ba ta mayar da mace ɗakinta. Yanzu mace ce daga cikinmu take ganawa da matar ita kaɗai, ba a gaban miji ko surukai ba, kuma ba ma kai masa abin da ta faɗa. Idan akwai rauni, asibiti da hukuma ake fara zuwa, tun da Jihar Kaduna tana da dokar hana cin zarafi tun 2018. Telan ya yi wata huɗu yana zuwa zaure duk Asabar alhali matarsa tana gidan iyayenta, kuma har yau ita muke tambaya ko wani abu ya canja.