Maigida Bai Ba da Izini Ba

A shekarar 2021 na yi aikin wayar da kan jama'a game da allurar rigakafin korona a unguwannin cikin birnin Kano. Mata aka fi ɗauka, domin namiji iyakarsa zaure, mu kuwa da sallama sai mu shige har tsakar gida. Allurar ta iso Najeriya a farkon watan Maris, kusan miliyan huɗu ta kamfanin AstraZeneca ta hannun COVAX, shirin raba allurar ga ƙasashen duniya. Da ma'aikatan lafiya aka fara, daga baya aka buɗe wa sauran manya. Ba mu ke yin allurar ba. Namu shi ne bayani da nuna wa mutane inda ake yi.

An koya mana amsar jita-jita kafin mu fita: ba ta hana haihuwa, ba a saka wata na'ura a ciki, zazzaɓi da ciwon hannu na kwana ɗaya ko biyu ba abin tsoro ba ne. Amma masu ƙin da suka fi ba ni wuya ba jita-jita suke kawowa ba, tarihi suke kawowa. Wani dattijo ya tambaye ni ko na san abin da ya faru a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a nan Kano. Na sani. Yara kusan 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, sai a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin jiha a kan dala miliyan 75. Na ce, "Baba, wannan ya faru, ba zan musa ba." Sai a nan ya sa aka shimfiɗa mini tabarma. Mata kuma tambayarsu ɗaya ce: maganin zazzaɓin cizon sauro sai da kuɗi, me ya sa wannan kyauta ne har ana bin mu gida? Tambaya ce mai tushe. Gwamnatin da take neman ɗan ƙasa ya sauke haƙƙin al'umma, ita ma akwai haƙƙinsa a wuyanta.

Sai dai tarihin bai tsaya a 1996 ba, kuma ba na barin gida sai na faɗi ragowar. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargin an gurɓata shi. Ba a dawo ba sai a Yulin 2004, da maganin da aka sayo daga Indonesiya. A sanadin haka cutar ta sake bazuwa, ta shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yemen da Indonesiyar kanta. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta kuɓuta daga ainihin ƙwayar cutar. Manya ne suka yanke shawarar ƙin, yara ne suka rasa ƙafafu, kuma babu wanda ya nemi ra'ayinsu.

Wannan ne abin da ya fi tsaya mini a rai, domin shi nake tararwa kullum a cikin gidaje. Muhawarar da ake yi a rediyo ta 'yancin mutum ce a kan jikinsa. A tsakar gida kuwa, amsar da na fi ji ita ce, "Maigida bai ba da izini ba." Ƙin mutum ɗaya ya zama ƙin gida duka: matansa, ƙannensa, har mahaifiyarsa.

Akwai wani gida da na tarar da tsohuwa mai ciwon suga da hawan jini. Ta ga yadda aka yi ta binne dattawa a Kano a Afrilun 2020, mace-macen da ministan lafiya ya ce daga baya fiye da rabinsu na iya zama da alaƙa da korona. Tana so a yi mata, ɗanta ya hana. Na nemi mai unguwa ya raka ni, muka same shi a zaure bayan la'asar. Ya ce, "Malama, jikina ne, babu wanda zai tilasta mini." Na ce, "Gaskiyarka, Malam, ni ma ban zo tilasta maka ba. Amma jikin Hajiya fa, na wane ne?" Ya daɗe bai ce komai ba. Mai unguwa ya ce a je a tambaye ta a gabansa. Ta ce tana so. Shi ya kai ta da kansa a Adaidaita Sahu, amma shi bai yarda an yi masa ba, ni kuma ban sake tayar masa da maganar ba.

Ban goyi bayan tilas a kan baligi ba, kuma abin da na gani ya ƙara mini ƙarfi a kan haka. Da gwamnatin tarayya ta ce daga 1 ga Disamba 2021 ma'aikacinta ba zai shiga ofis ba sai da shaidar allura ko ta gwaji, layi ya ƙaru a wuraren allura, amma masu neman kati ba tare da allura ba su ma suka ƙaru. Katin bogi ba ya kare kowa, sai ma ya ɓata lissafin hukuma. Ga shi a wannan watan aka lalata allurai fiye da miliyan ɗaya a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare, waɗanda aka ba mu gudummawa dab da lalacewarsu, labarin kuma ya riga mu shiga gidaje. Sannan da zuwan sabon nau'in korona na Omicron ya bayyana cewa allurar ta fi ƙarfi wajen hana ciwo ya yi tsanani, ba ta toshe yaɗuwa gaba ɗaya. Na riƙa faɗa wa mutane haka ƙarara, domin wanda ka yi wa alkawarin da ya wuce gaskiya, gobe ba zai buɗe maka ƙofa ba.

Wanda ya ƙi allura bai fita daga haƙƙin maƙwabta ba. Wani limami da muka yi aiki tare yakan tuna wa mutane hadisin annoba: idan ta ɓarke a gari kada a shiga, wanda ke ciki kada ya fita. Yakan kawo labarin Sayyidina Umar, da ya juya daga hanyar Sham ya ce ana gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Daga nan sai ya sauko kan abin da ya shafe mu: mai tari da zazzaɓi ya yi sallarsa a gida, ya sa takunkumi idan zai gaida tsofaffi, kada ya tura saƙon murya a WhatsApp wanda bai san tushensa ba. Da yawa daga masu ƙin sun karɓi wannan ba gardama.

A 2023 mashaƙo ya addabi Kano fiye da kowace jiha, akasarin waɗanda ya kama yara ne da ba su kammala rigakafinsu ba, aka sake kiranmu. Yanzu ba na fara shiga wurin mata. Maigida nake fara nema, tare da mai unguwa, in saurari dalilinsa har ya gama. Manyan gidan ina roƙon a tambayi kowa da bakinsa. A kan yara kuwa ba na sassautawa: idan ya ƙi yau, ina dawowa da limamin masallacinsu.