Rawani da guntun sanda

Laraba, Damagaram. An ɗauke wuta tun bayan isha'i, ga ni zaune a kan tabarma a tsakar gidan yayata a Birni ina rubutu da salula. Bangon gidan har yanzu yana fitar da zafin rana kamar tanda. Cinyata ta dama tana min zogi, akwai jan shaida a kewaye da ita, kuma saboda wannan shaidar ne na kasa kwanciya ban rubuta ba.

Yau kwana uku ke nan da fara horon da aka kira mu. Mu ashirin da ƴan kai ne, yawanci majo-majo irina, wato masu riƙe da ƙananan asibitocin karkara da ake kira CSI, sai ungozomomin likita da likitoci biyu. Daga Tanut muke, da Gure, da Tasker, da Belbeji, da Damagaram Takaya, wato duk masu aiki a inda kwalta ta ƙare. Abin da ake koya mana shi ne yadda za a riƙe mai rauni ko mai ciwon gaggawa da rai a daji, da abin da ke hannu, har ya kai asibitin da ke da ɗakin tiyata da jini.

Da safe likitar da ke koyar da mu, wata hajiya da ta daɗe tana aikin tiyata, ba ta fara da allo ba. Cewa ta yi kowa ya tashi ya faɗi awa nawa ne tsakanin wurin aikinsa da ɗakin tiyata mafi kusa. Na ce daga ƙauyen da nake zuwa Tanut awa uku ne cikin rairayi, in akwai mota kuma akwai esansi, in kuma abin ya fi ƙarfin Tanut, sai an ƙara kilomita wajen 140 zuwa babban asibitin Zinder. Abokin aikinmu na Tasker ya ce shi ba ya lissafi da awa, da yini yake yi. Aka yi tsit. Hajiya ta ce littattafan da muka karanta a makaranta an rubuta su ne don wanda motar asibiti za ta iske cikin minti goma sha biyar, mu kuwa maras lafiya a hannunmu yake wuni, wani lokaci ya kwana.

Sannan ta sauya mana jerin da muka haddace tun muna ɗalibai. Mun saba a fara da hanyar iska, sai numfashi, sai jini. Ta ce in jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa, shi ne farko, kafin komai. Babban mutum jininsa wajen lita 5 ne, kuma in babbar jijiyar cinya ta yanke, cikin ƴan mintoci zai iya zubar da abin da ba zai tashi ba.

Daga nan aka shiga maganar garo, wato ɗaurin da ake matse hannu ko ƙafa da shi don a tsayar da jini.

Ta fito da na kamfani guda biyu, masu maɗauri da ɗan sandan murɗawa, muka zagaya da su muka gani. Ta tambaya wa ke da irinsa a wurin aikinsa. Babu ko ɗaya. Sai ta dubi wani ɗan'uwanmu na Belbeji ta ce: "Malam, ara mini rawaninka." Ta ninke shi ya yi faɗin yatsu huɗu, ta ɗauko guntun sanda mai ƙwari kamar ƙotar ƙaramar fartanya, ta ce wa zai ba da ƙafarsa. Na miƙa tawa.

Ta zagaya rawanin a cinyata, ta nuna cewa santimita 5 zuwa 7 sama da rauni ake sa shi, ba a kan gwiwa ko gwiwar hannu ba. Ta ƙulla sau ɗaya, ta ɗora sandar, ta ƙulla a kanta, ta fara murɗawa. Murɗa ta farko na ji matsi kawai. Ta biyu na damƙe gefen benci. A ta uku gumi ya keto min, na ji kamar ana sara ƙashin da gatari. Ta sa wata ungozoma ta taɓa bugun jijiya a bayan idon sawuna, ta ce tana jinsa kaɗan-kaɗan. Hajiya ta ƙara rabin murɗa, bugun ya ɓace. Ta ce: "Nan ne garo ya zama garo. Majo, ka ji zafin? Maras lafiyarka zai yi ihu, danginsa za su roƙe ka ka sassauta. Kada ka sassauta." Ta ɗaure sandar da bakin rawanin don kada ta warware, ta rubuta lokaci da biro a fatar cinyata, sannan ta kwance. Duka bai kai minti biyu ba.

Ta yi bayanin sauran a tsanake. Ba a ɗaure da siririyar igiya ko waya, suna yanka nama kuma ba sa tsayar da jinin. Ɗaurin da bai matse sosai ba ya fi rashin ɗauri muni, domin yana toshe jijiyoyin da ke mayar da jini jiki ya bar wadda ke kawo shi a buɗe, sai zubar ta ƙaru. Ba a kwancewa lokaci-lokaci wai don ƙafa ta sha iska. In garo bai wuce awa 2 ba, da wuya a rasa gaɓar saboda shi. Mu da tafiyarmu ke wuce haka, kafin awa biyun ta cika sai a cusa ƙyalle mai tsabta cikin raunin har ƙasa, a danne da ƙarfi, a naɗe, sannan a sassauta a hankali ana kallo, in mutum bai galabaita ba. In jinin ya dawo, a sake murɗawa a bar shi. Wanda ya wuce awa 6 kuwa ba a taɓa shi sai a asibiti.

Ina saurare, amma zuciyata ta riga ta koma shekara huɗu baya.

Wani saurayi ne makiyayi, bai fi shekara ashirin ba. Yana gyaran guga a bakin rijiya wuƙa ta zame ta shige masa cinya, sama da gwiwa kaɗan. A amalanken jaki aka kawo shi, an ɗaure ƙafar da igiyar ragama, jini yana bin katako yana ɗiga. Ni abin da aka koya mini shi ne garo yana ruɓar da ƙafa, a guje shi. Na kwance igiyar, na danne da auduga, na naɗa bandeji, na sa masa ƙarin ruwa leda huɗu a jere don tansiyonsa, wato ƙarfin bugun jininsa, ya tashi. Ya ɗan farfaɗo har ya nemi ruwan sha. Mota ta samu bayan magariba. Mahaifinsa ya riƙe hannuna ya ce: "Likita, Allah ya saka." Ba su kai Tanut da shi ba.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma na yi abin da na sani a lokacin. Amma yau na gane abin da ya faru a cikin motar nan. Ruwan da na ɗura masa ya tsinka jininsa, ya sanyaya jikinsa, ya ɗaga tansiyo har ɗan gudan jinin da ya fara toshe jijiyar ya fita. Hajiya ta ce ga wanda jininsa bai tsaya ba, ruwa kaɗan-kaɗan ake ba shi, daidai yadda za a ji bugu a wuyan hannu kuma yana amsa magana, sai fa in akwai rauni a kai. A lulluɓe shi da bargo ko da bazara ce, don jinin da ya yi sanyi ba ya daskarewa, daren daji kuma a bayan buɗaɗɗiyar mota ba wasa ba ne. Ta kuma ambaci allurar da ake kira tranexamic acid, giram 1 ta jijiya a hankali cikin minti 10, kafin awa 3 da rauni. An gwada ta a kan masu rauni sama da 20,000 a ƙasashe da yawa, sakamakon ya fito a 2010, aka sake gwada ta a kan mata masu zubar jini bayan haihuwa, ya fito a 2017. Ba ta buƙatar firiji. Wannan kalma ta ƙarshe na ja mata layi biyu a littafina.

Da aka tashi sallar azahar ban iya cin shinkafar da aka raba ba. Wata dattijuwar ungozoma daga Gure, wadda duk muke kira Inna, ta lura da ni. Na ba ta labarin a taƙaice. Ba ta ce mini ba komai ba ne. Ta ce: "Ɗana, kowa a ɗakin nan yana da nasa. Ci abinci, da saura."

Bayan azahar sai maciji, kuma nan ne kan mutane ya ɗaure, domin duk abin da aka ce da safe an juya shi. Sarar maciji ba a ɗaure ta. Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe-da-nisa, ita ce ta fi kashe manoma da makiyaya a ƙasashenmu na Sahel. Dafinta yana hana jini daskarewa, yana kuma cin naman wurin, ɗauri kuwa yana tara dafin a gaɓar ya ƙara ruɓar da ita. Ba a tsagawa, ba a tsotsa, baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe komai. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi, a ɗora ƙafar a kan kara ko katako kamar mai karaya don kada ta motsa, a ɗauki mutum, kada ya taka. Ba a ba shi aspirin ko diclofenac, sai paracetamol, kuma ba a yi masa allura a tsoka. In ya iso da ɗaurinsa tamau daga gida, kada a yi gaggawar kwancewa sai an sa masa layin ƙarin ruwa, magani yana kusa.

Gwajin da ta nuna mana ya burge ni don sauƙinsa. A ɗebi jini mililita 2 a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, ba ta roba ba, a ajiye ba a girgiza ba, bayan minti 20 a karkata ta. In jinin ya kwarara kamar ruwa, dafi ya shiga, maganin dafi ake nema. Yaro da babba adadi ɗaya ake ba su, tunda maciji bai rage wa yaro dafi ba, kuma adrenalin, allurar da ake yi in jiki ya ƙi maganin, ya kasance a zuƙe cikin sirinji kafin a fara. Bayan awa 6 a maimaita gwajin. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarar maciji cikin manyan cututtukan da aka yi sakaci da su, kuma ƙiyasinta mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara. Tsadar maganin da ƙarancinsa kuwa kowa a ɗakin ya san su, mun yi gunaguni muka wuce.

Na Tasker ya ɗaga hannu ya yi tambayar da ke bakin kowa. Ya ce shekara da shekaru yana bin ruga-ruga yana hana mutane ɗauri, yanzu ya koma ya ce musu su ɗaure? Ai za su ɗaure wa maciji ma. Gardama ta kaure. Wasu suka ce a bar garo a hannun ma'aikata kawai. Ni ban yarda ba, na kuma faɗa. Wanda ke bakin rijiya lokacin da wuƙa ta zame ba majo ba ne, ƙanensa ne ko mahaifinsa, kuma dama can suna ɗaurewa, sai dai da igiya kuma sako-sako. Gara a koya musu daidai. Inna ce ta kawo maganar da muka tsaya a kai: abin da za a gaya wa mutane shi ne, jinin da ido ya gani yana tsartuwa a ɗaure shi da faffaɗan ƙyalle, sarar maciji kuwa a kwantar da mutum a ɗauko shi. Magana ce da za ta shiga kunnen makiyayi da Hausa, da Fulatanci, da Tamashek.

Da la'asar aka fita da mu bayan gari, cikin manyan duwatsun nan na hanyar Mirya, aka raba mu huɗu-huɗu. Wani ɗalibi ya kwanta tsakanin duwatsu an zuba masa jan ruwa a wando. Ba mu da komai sai abin da ke jikinmu. Na cire rawanina. Hannuna yana rawa a ƙullin farko, sandar da na fara ɗauka ta karye a murɗa ta biyu, busasshen reshe ne. Na tsinci wata ta aduwa, ta riƙe. Hajiya tana tsaye da agogo, ta ce minti biyu da rabi, ya yi yawa, a sake. Na sake sau uku har na sauko minti ɗaya da ƴan daƙiƙu. Muka zura sanduna biyu cikin riguna uku muka yi gadon ɗauka, muka sauko da shi kan hanya. Zafin ya sa wani cikinmu jiri, sai darasin bugun rana ya zo da kansa: inuwa, jiƙa jiki da ruwa, fifita, kuma a sanyaya mutum tukuna kafin a ɗora shi a mota.

A hanyar dawowa na sa ɗan kabu-kabu ya tsaya da ni a kasuwar Dole. Na sayi yadi mai kauri, na kai wa tela ya yanka mini gida shida, faɗin yatsu huɗu bayan ninki, ya ɗinke bakin. Wani mai sassaƙa ya yanko mini sanduna shida. Yayata da ta gani ta ce: "Kai kuma me za ka yi da wannan?" Na gwada mata a hannun babban ɗanta, na sa shi ma ya gwada a nawa, ya iya a karo na biyu.

Na samu rezo na kira mataimakina a ƙauye. Gobe Alhamis kasuwa ce, motar garinmu za ta shigo, zan ba direba huɗu ya kai masa, biyu su zauna a jakata. Na ce ya ajiye ɗaya a ɗakin haihuwa, ɗaya a teburin wanke rauni, ɗaya a wurin mai gari, ɗaya kuma a bar wa direban a cikin mota, in ya zo zan nuna masa yadda ake murɗawa kafin ya juya. Darasin gobe zubar jini bayan haihuwa ne, ƙarfe takwas, kuma Inna ta ce in zauna kusa da ita.