Bajamushe ba ya tayi sau biyu

Daren farko da muka yi a Jamus da yunwa muka kwana, kuma wallahi laifinmu ne ba na kowa ba. Mun sauka Frankfurt da safe a ƙarshen watan Mayun 2024, wajen awa shida a jirgi daga Abuja, mu shida da kayan kiɗanmu, aka kwashe mu a wata bas mai kujera tara zuwa wani ɗan ƙaramin gari da za mu fara wasa washegari. Da yamma dattijuwar da aka sauke mu gidanta ta tambaye mu, kuna jin yunwa, in ɗumama muku abinci? Ni ne tafintan tawaga tunda ni ne mai ɗan Turanci, na juya na gaya wa Baba mai gurmi, shi ne babbanmu, sai ya gyara hula ya ce "ce mata mun gode, Allah ya saka da alheri, a ƙoshe muke." Kun dai san yadda muke yi. Ka ce a'a, mai gida ya ce haba dai, ka ce wallahi alhamdu lillahi, ya ce ai ba a yi haka ba, kafin a kai na uku an dire kwano a gabanka. To ita wannan baiwar Allah da ta ji mun ƙoshi sai ta ce madalla, ga tawul ga bargo, sai da safe, ta kashe wutar kicin ta haye sama abinta.

Muka zauna muna kallon-kallo. Autanmu mai kalangu ya ce "Baba ka kashe mu." Kilishi kuwa dama ba a shiga da shi Turai, an gargaɗe mu tun a gida, sai ƙuli-ƙuli da dabino muka lalubo a jakar mai jita muka kora da ruwan famfo.

Da safe na cire kunya na gaya mata gaskiya. Sai na ga matar nan ta dafe ƙirji, fuskarta ta yi ja, tana ta cewa to me ya sa ba ku faɗa ba, me ya sa? Ta ja hannuna zuwa firij ta buɗe, ga tukunya guda ta shinkafa, ga miyar kaji. Ashe tun mako biyu kafin mu zo ta tambayi masu shirya wasan me muke ci me ba ma ci, aka ce mata Musulmi ne, ta ɗau mota ta tafi garin da ke gaba wajen mahaucin Turkawa ta sayo kajin da aka yanka, kuma ta sayi sabuwar tukunya dal don ta ce nata na gida duk an taɓa dafa alade a ciki, ba ta san ko hakan matsala ba ne, gara ta kauce. Na fassara wa Baba. Bai ce komai ba, sai na ga yana ta murza carbi yana kallon tukunyar.

Sai a lokacin ma muka lura da sauran abubuwan da gajiya ta hana mu gani da daddare. A jikin ƙofar falo ta manna takarda da ta bugo daga intanet, lokutan salla na garin na wata guda. A ƙasa kusa da taga ta liƙa wata 'yar takarda da kibiya tana nuna kudu maso gabas, alƙibla kenan, wai jikanta ne ya duba mata a waya. Buta ce kawai ba ta sani ba, da na yi mata bayani da ƙyar da kame-kame sai ta fita lambu ta ɗauko abin ban ruwan fulawarta, kore, mai dogon baki, ta wanke ta ajiye mana a banɗaki. Da shi muka yi ta alwala. Lokutan sallar kuma wani abu ne daban, don a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara da rabi na dare, ka yi isha'i kusan sha biyu, ka ɗan runtsa kenan sai asuba.

Yaran unguwar Oma suke ce mata, wato kaka, mu kuma muka mayar da ita Inna. Auta kuwa tunda ya ji ma'anar sunan ya ce ai shikenan ya yi mata, kullum da safe "ina kwana amaryata". Na yi mata bayanin wasan jika da kaka na wajenmu, ta yi dariya har da tari, ta ce a gaya masa tsohuwar malamar makaranta ce ita, ba ta auren wanda ba ya gyara gadonsa.

Mu fa ba wasu manya ba ne, kar ku ɗauka irin manyan dandalin nan muka hau. Mun bi ta Würzburg inda ake bikin kaɗe-kaɗen Afirka tun 1989, amma 'yan kallo muka shiga kamar kowa. Wuraren da muka yi wasa ƙanana ne, mutum tamanin, ɗari, in an cika ɗari biyu. Wani tsohuwar masana'anta ce aka gyara, wani tsohuwar tashar jirgin ƙasa, akwai ma wanda rumbun gona ne har da warin ciyawa. Yawancinsu ƙungiyoyin 'yan gari ne ke riƙe da su, aikin sa kai, ba mai biyansu ko sisi. Wanda ke yage tikiti a ƙofa da rana likitan haƙori ne, wadda na gani tana wanke kwanukanmu a kicin daga baya aka ce min ita ce shugabar ƙungiyar, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige don na miƙa mata faranti da hannu ɗaya ina danna waya. Kuma duk inda muka je tsarin ɗaya ne, kafin ka sauke kaya an miƙo maka takarda: isowa ƙarfe 4, gwajin sauti ƙarfe 5, abinci 6 da rabi, wasa ƙarfe 8, ƙarfe 10 a rage ƙara saboda maƙwabta. In aka ce 6 da rabi to 6 da rabi ɗin ne tururi ke tashi a tebur, a zauna da kai a ci tare, mai haɗa sauti da mai shara da kowa. Ana gamawa a ba ka wurin kwana, da safe ga biredi kala-kala da bota da zuma da ƙwai. Kuɗinka kuma a daren a ƙirga maka a ambulan ka sa hannu. Duk makaɗin da ya taɓa yin sati uku yana bin uban ango cikon kuɗinsa ya san abin da nake nufi.

Abincin dare na gidajensu ne dai Baba bai taɓa yarda da shi ba. Biredi mai sanyi, cuku, kokwamba, tumatir, shikenan wai an ci abinci. Ya ce wannan ai karin kumallo ne aka yi latti. Ga ruwan kwalbarsu mai gas da Auta ya kurɓa ya furzar ya ce ruwan ya lalace. Mu ma dai mun rama, don wani mai haɗa sauti ya ga muna barbaɗa yaji ya ce a sam masa, muka ce kaɗan fa, ya zuba cokali guda, sai da ya fita waje ya tsaya a iska.

Wasan farko kuwa saura ƙiris a yi abin kunya. An yi ruwa tun rana, sanyi da laima suka sa fatar kalangun ta saki, Auta ya buga sai wani luɓ-luɓ kamar ana dukan katifa. A gida da sai a shanya a rana ko a kara a wuta, nan ba rana ba garwashi, saura minti ashirin. Inna tana zaune a layin gaba da jakarta a cinya, ta ga muna ta kai-komo ta zo ta tambaya, na gaya mata, ba ta ce uffan ba ta fita. Minti goma sai ga ta da na'urar busar da gashinta. Auta ya tsuguna bayan labule yana hura wa kalangu iska mai zafi yana ɗan ƙwanƙwasawa da yatsa har muryar ta dawo tangararau. Daga ranar na'urar nan ta shiga jakar kayan kiɗa, ta ce mu riƙe har mu gama yawonmu.

Muka fara wasa, shiru. Ba mai motsi, ba mai guɗa, ba mai tasowa ya yi liƙi, kowa ya zuba mana ido kamar ana karatu. Baba ya waigo ya harare ni irin ka ga inda ka kawo mu. Ana kai ƙarshen waƙar sai tafi ya ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano, ya ƙi ƙarewa. Ashe saurare suke, da gaske suke saurare, don bayan an tashi wani ya zo yana tambayar me ya sa gurmi igiya biyu ne amma yana jin kamar murya uku. Can ƙarshe suka dinga ihun "Zugabe, Zugabe" muka ɗauka sunan wani ne, ashe a ƙara ɗaya suke cewa. Zuwa wasa na huɗu Baba da kansa yake ajiye waƙa ɗaya a gefe ya ce wannan ta zugabe ce.

Mun leƙa Holan da Beljiyam da Faransa, wasa huɗu, jama'a sun yi rawa sosai har sun fi Jamusawa motsa jiki, amma akwai inda aka ba mu tikitin lemo ɗai-ɗai aka nuna mana shagon da ke tsallaken titi. Muna tsallako iyaka muka dawo Jamus mai jita ya ce alhamdu lillahi an dawo gida, duk muka fashe da dariya.

Hanya kam mun sha ta. Babban titinsu akwai wuraren da ba a ƙayyade gudu ba, muna kan 120 sai ka ji fiuu wata ta wuce kamar a tsaye muke, Baba sai salati. Fitsari a wurin hutawa sai ka biya yuro guda, abin ya tsaya wa Auta a rai, shi ya sa ya koma tara robobin ruwa tunda kowace in ka mayar shago ana ba ka santi 25, ya ce da kuɗinsu zai biya kuɗinsu. A Kolon muka tsaya gaban babbar cocin nan da ke jikin tashar jirgin ƙasa, tsayinta mita 157, direbanmu ya ce an fara gininta 1248 ba a gama ba sai 1880, Baba ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa ya ce ashe ba mu kaɗai ke da kwangilar da ake watsarwa ba. A Bon na sa aka bi da mu ta gaban ginin DW na ɗau hoto, don tun ina yaro nake jin sunan garin a rediyon mahaifina. A Hambog kuma wani tsoho fari tas ya tare mu bayan wasa ya ce "sannunku da zuwa, ina gajiya, yaya mutanen gida", Hausar littafi tsaf, a jami'ar garin ya koya shekaru aru-aru da suka wuce. Shi ya ba mu labarin ɗan garinsu Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 yana amsa sunan Abdulkarim. Ya ce tunda Kanawa sun sauki nasu, dole ya saya mana shayi.

Ba zan ce duk zuma ba ce. A wani gari mun shiga shago wani mutum ya bi mu da wani irin kallo ya yi tsaki ya faɗi abin da direbanmu ya ƙi fassara mana, kuma sau ɗaya a jirgin ƙasa cikin tarago guda mu kaɗai aka tambaya fasfo. Ya yi min ciwo, har yanzu in na tuna yana min.

Babbar salla ta same mu a can, Lahadi 16 ga Yuni, kuma Allah ya sa hanya ta sake biyo da mu gidan Inna. Garin duk tutoci don ranar Juma'a aka buɗe gasar ƙwallon Turai, Jamus ta ci Sikotilan 5 da 1. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, kuma ba a yanka a ƙofar gida kamar wajenmu, don haka tun Asabar ta ɗauki Baba a mota suka je wajen mahaucin nan suka sayo rabin rago. Da safe ita ta kai mu masallacin Turkawa, sawu biyu ta yi don motarta ƙarama ce, ta zauna a mota tana karanta littafinta har aka idar. Muka dawo muka karɓe kicin. Tuwon semo, miyar kuka da daddawar da muka ɓoyo tun daga gida, ta shigo ta shaƙi warin ta buɗe duk tagogin gidan amma ta ci malmala biyu da hannu. Sai Baba ya ce ba a salla ba rabo, aka zuba soyayyen nama a faranti aka tura Auta gidajen maƙwabta ni ina biye da shi. Gida na farko mutumin ya leƙo ya ce nawa ne. Na biyu matar ta ce ba ta yi oda ba. Sai da Inna ta fito da silifas ɗinta ta yi musu bayani. Kafin magariba farantan nan sun dawo ɗaya bayan ɗaya, wani da kek, wani da 'ya'yan itace jajaye daga lambu, wani da kwalbar zuma, ba wanda ya dawo wayam.

Ranar da za mu tafi ta haɗa wa kowa ƙunshin biredi da ƙwai da tuffa da sunansa a rubuce a jiki, Auta ya miƙa mata na'urar gashi ta ce ya riƙe, sadakinsa ne ta mayar masa. Ni kuma a bakin mota na faɗi abin da kowa ke faɗa, na ce to Inna sai kin zo Kano. Sai ta ce dakata, ta koma ciki ta fito da ɗan littafinta na kalanda da biro ta ce yaushe? Na daburce na ce ai lokacin sanyi ya fi, Janairu. Ta ce sanyin digiri nawa, na ce da asuba yakan sauko 13, ta yi dariya ta rubuta.

Shekaranjiya ta turo min hoton fasfo ɗinta da katin rigakafin shawara ta WhatsApp, da tambayoyi goma sha ɗaya masu lamba. Hajiyarmu ta sa an fara fentin ɗakin baƙi, kuma na riga na gargaɗi duk gidan cewa in matar nan ta ce ta ƙoshi to a ƙyale ta, ta ƙoshi ɗin ne. Hajiya ta ce ita ba ta san wannan zancen ba, a gidanta sai ta ƙara.