An sa min pil ɗin zuciya amma suma ba ta bar ni ba

Ni dai na ɗauka da an sa min pil magana ta ƙare. A Yamai aka yi aikin, ƴar na'ura ce ƙarƙashin fata nan saman ƙirji ta hagu, da wayoyi da suka bi jijiya har cikin zuciya, lokotoro ya daidaita ta yadda bugun ba zai sauka ƙasa da 60 a minti ba. Na komo Tawa da murnata. Zafi na shigowa sai abin ya dawo, ido ya yi duhu, kunne ya toshe, zufa mai sanyi ta karyo, sai dai in farka in ga mutane a kaina ana min fifita. Yawanci in na miƙe daga sujada ne, ko na daɗe tsaye a kasuwa.

Wallahi tsoron ya fi faɗuwar ciwo. Dangi sun yi karo-karo an biya kuɗin aiki kuma ga ka a ƙasa. Wasu suka ce pil ɗin jabu ne, gwaggota kuwa ta dage iska ce a nemo rubutu. Addu'a kam muna yi, amma na hau kar, wato babbar motar fasinja, na koma Yamai, kilomita sama da 500 ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso.

Can aka ɗora min wani abu bisa ƙirji ya haɗu da ordinatar, ashe pil ɗin na ajiye labarin bugun zuciya. Aka yi radiyo, wato hoton ƙirji, a ga ko waya ta goce daga wurinta, don yana faruwa musamman makonnin farko. Duka lafiya lau. Sannan lokotoro ya kwantar da ni ya auna tansiyo, wato ƙarfin jini a jijiya, ya samu 13, ya ce in miƙe, kafin minti 3 ya faɗo 10. Ya ce “Malam, pil bugu yake tsaro, ba ya riƙe tansiyo. In jini ya taru a ƙafafu bai kai kwanya ba, ko zuciya na bugawa daidai sai ka faɗi.” Maganin tansiyo da nake sha mai sa fitsari, ga zafin Afirilu da ke wuce digiri 40, su suka haɗu suka ƙarar min da ruwan jiki. Shi da kansa ya sake ordinansi, don Allah kar wani ya karanta wannan ya aje maganinshi da kanshi.

Yanzu in na farka sai na zauna bakin gado na ɗan motsa ƙafafu kafin in tashi. Gorar ruwa ba ta barin hannuna, amma na tambaya tukun don akwai masu ciwon zuciyar da ake ƙayyade musu ruwa. Ranar da jiki ba daɗi a zaune nake salla, limamin unguwarmu ya ce addini ya yarda, batun azumi ma sai da shawarar lokotoro. Da na ji duhun nan na zuwa ba na jin kunyar kowa, ko tsakiyar kasuwa ne zan kwanta in ɗora ƙafa bisa buhu, in ba wuri in harɗe ƙafafu in matse su da ƙarfi. Moto kam na aje shi, ƙanena ke kai ni, wannan ya yi min nauyi sosai.

Uwargida na rubuta duk ranar da abin ya zo da lokacin da abin da nake yi, mu kai wa lokotoro ranar randebu ya gwada da abin da pil ya ajiye. Ya gargaɗe mu in suma ta zo ina zaune ko kwance, ko ba gargaɗi, ko da ciwon ƙirji da bugu da sauri, ba jiran randebu, a kai ni asibiti nan take da katin pil ɗin a aljihu.