Godiya ga 'yan kwana-kwanan unguwarmu da duk wanda ya tsaya mana daren gobara

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Yau kwana 12 ke nan da gobara ta tashi a gidanmu, kuma sai yanzu hankalina ya dawo jikina har na iya zama in rubuta wannan. Alhamdulillahi, mu shida muka kwanta a gidan nan, mu shida muka fito da ranmu da lafiyarmu: ni, da uwargida, da mahaifiyata, da yara uku. Sito ya ƙone ƙurmus, rabin rufin ɗakin girki ya tafi, hayaƙi ya baƙanta bango, amma ko ɗan yatsa babu wanda ya ƙone. Masu kira da masu turo saƙo da masu takowa jaje sun fi ƙarfin in bi kowa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici.

Duk wanda ya zo jaje, abin da yake fara yabawa shi ne saurin zuwan motar kashe gobara. Gaskiya ne sun yi sauri, kuma zan zo kan wannan. Sai dai godiyata ta farko ta wata ranar Asabar ce, mako uku kafin gobarar.

Ran nan da hantsi wasu mutum biyu daga 'yan sa-kai na kashe gobara, namiji da mace, suka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Suka ce zagayen da suke yi ne duk shigowar bazara, gida-gida, domin lokaci ne da sanyi ya ja baya, mutane suka fito da kaya ana share-share da gyare-gyare da fenti, ga busasshiyar ciyawa da ganye a ko'ina, ga iska. Ina da uzuri a ranar, har na so in ce su dawo wani lokaci. Ladabinsu ne ya sa na ji kunyar sallamarsu.

Namijin ya hau tsani ya danna maɓallin ƙararrawar hayaƙin da ke manne a silin ɗinmu. Shiru. Batirin ya daɗe da mutuwa ba mu sani ba. Ya ciro ta, ya juya bayanta ya nuna mini ranar da aka ƙera ta, ya ce ta haura shekara 10, kuma duk wadda ta kai haka ko an sa mata sabon batir ba a dogara da ita, domin abin da ke jin hayaƙin a cikinta yana raunana. Suka ɗaura sabuwa a barandar da ke gaban ɗakunan kwana, suka ce mu riƙa danna ta sau ɗaya a wata.

Ita kuwa macen, bayan ta durƙusa ta gaida mahaifiyata, sai ta juyo ta yi mini tambayar da har yau take yi mini yawo a ka: “Malam, in wuta ta tashi cikin dare, wa zai fito da Hajiya?” Mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa, ba ta tashi sai an kama ta. Na dubi uwargida, ta dube ni, babu mai amsa. A tsaye a nan muka raba aiki. Ni ne da Hajiya, uwargida ta ɗauki ɗan ƙaramin, babban yaronmu mai shekara 15 ya riƙe hannun ƙanwarsa. Suka sa muka nemo wa kowane ɗaki hanyar fita biyu, muka kuma tsayar da wurin haɗuwa guda, gindin turken fitilar da ke tsallaken titi. Duka-duka ba su yi rabin awa a gidan ba.

Mako na zagayowa suka buɗe tasharsu ga yaran unguwa, uwargida ta kai namu. 'Yarmu mai shekara 8 ta dawo bakinta bai rufu ba. An nuna musu yadda ake rarrafe a ƙarƙashin hayaƙi, tunda hayaƙi da zafi sama suke tashi, iska mai ɗan dama-dama tana kusa da ƙasa. An koya musu taɓa ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, in da zafi a nemi wata hanya. Wani jami'i ya sa kayan aikinsa a gabansu ɗaya bayan ɗaya, har kwalkwali da abin rufe fuska da tukunyar iska a baya, don kada yaro ya gan shi cikin hayaƙi ya tsorata ya shige ƙarƙashin gado. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, alhali duk mai 'ya'ya ya san yaro in ya firgita ɓuya yake yi. Abin da ya fi zama mata a rai kuwa shi ne rufe ƙofa. Tun daga ranar, kowane dare sai ta bi ƙofofin gidan ta rufe kafin ta kwanta. Takan ce, “Abba, an ce ƙofa a rufe tana tare wuta.”

A daren gobarar, wajen ƙarfe 3, ƙarar sabuwar ƙararrawar nan ta tashe mu. Ba zan iya kwatanta muku yadda zuciyata ta buga ba. Na buɗe ƙofa na tarar hayaƙi ya fara kwanciya a saman baranda, siriri, yana shigowa ta gefen ƙofar ɗakin girki. Abin mamaki, babu wanda ya tsaya tambayar me za a yi. Uwargida ta sungumi ɗan ƙaramin, yaron ya ja ƙanwarsa suna sunkuye, ni na goya Hajiya tana ta salati a kunnena. Sai da muka kai gindin fitila na ƙirga kawuna, sannan na kira lambar gaggawa. Baiwar Allah da ta ɗauki wayar, ban san sunanta ba, ban san fuskarta ba, amma natsuwar muryarta ce ta sa na iya faɗin kwatancen gida daidai. Allah ya saka mata da alheri.

A nan ne na kusa yin kuskuren da ya fi kowanne. Na tuna takardun gida da na makarantar yara suna cikin ɗaki, na juya zan koma. Dattijon maƙwabcinmu ya damƙe mini hannu da ƙarfin da ban san yana da shi ba, ya ce, “Ɗana, takarda ana sake ta. Tsaya nan.” Baba, na gode. Daga baya jami'an suka gaya mini cewa yawancin waɗanda gobarar gida ke kashewa hayaƙi ne ke gamawa da su tun wuta ba ta iso gare su ba, kuma akwai waɗanda sun riga sun tsira, komawa ɗauko wani abu ce ta zama ajalinsu.

Da muka ji jiniya, matasan layinmu sun riga sun tashi masu motoci sun janye su daga bakin hanya, wasu sun tsaya a kwana da fitilar waya suna nuna wa direba inda zai shiga. Shugaban tawagar yana dirowa, tambayarsa ta farko ita ce, “Kowa ya fito?” Na ce e, mu shida, ga mu. Na ga yadda ya sauke ajiyar zuciya. Suka katse wutar lantarkin gidan, biyu suka shiga da tiyo, wani ya fito da tukunyar gas ya kai ta nesa. Ba a jima ba harshen wutar ya kwanta, na ɗauka an gama. Ashe da saura. Suka ɗauko wata kyamara mai ganin zafi suna haska bango da silin, ta nuna musu garwashi a ɓoye cikin katakon rufi, inda ido ba ya gani. Suka farke wurin suka jiƙa shi. Ba su tafi ba sai da gari ya waye. Ma'aikatan motar asibiti kuma suka duba numfashin Hajiya da na yara, suka ce babu matsala. Su ma ina miƙa godiyata gare su.

Kafin su tafi, shugaban ya kira ni ya nuna mini ƙofar da ke tsakanin ɗakin girki da baranda. Fuskarta ta ciki ta zama gawayi, fenti ya narke ya zubo. Fuskarta ta wajenmu kuwa ko launinta bai sauya ba. Ya ce wuta da iska take rayuwa, ƙofar nan ta rage mata iska, ta kuma tsare hayaƙin har muka samu muka fita. Ya ƙara da cewa kayan ɗakin zamani, soso da roba da leda, suna ci da sauri fiye da katako da audugar da, shi ya sa ake koyar da cewa mutum na iya samun minti 2 zuwa 3 kacal daga lokacin da ƙararrawa ta kaɗa. Ya tambayi wanda ya rufe ƙofar. Na nuna masa 'yata. Mutumin nan, da gajiyarsa da baƙin hayaƙi a fuska, ya durƙusa ya miƙa mata hannu ya ce, “Sannu da aiki, 'yata.” Nan ne hawayen da nake riƙewa tun dare suka zubo.

Da yawa sun tambaye ni musabbabin wutar, kuma zan faɗa ko wani zai amfana, domin daga hannuna ta fito. Da rana, kafin daren gobarar, na shafe kujerun katako da man linsid, wani mai da ake shafa wa katako, na tattara tsummokaran da na yi aiki da su na dunƙule a cikin kwali, na ajiye a sito. Babu ashana, babu wayar lantarki a kusa, babu komai. Gobara daga kogi ke nan. Jami'in da ya bincika ya yi mini bayani: irin wannan mai yana bushewa ne ta hanyar haɗuwa da iskar oksijin, kuma haɗuwar tana fitar da zafi. A jikin kujera zafin yana watsewa ba a ko ji. A dunƙulallen tsumma kuwa ba shi da mafita, sai ya yi ta taruwa sa'o'i har tsumman ya kama da kansa. Maganin abin shi ne a shanya kowane tsumma daban a waje, nesa da gini, har ya bushe ƙamas, ko a nutsa su cikin ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Gargaɗin yana rubuce a jikin gwangwanin man, da ƙananan haruffa, ban karanta ba. Duk mai shirin gyaran katako ko fenti a bazarar nan, don Allah ya karanta nasa.

Akwai abin da ke ci mini rai game da mutanen nan. Mafi yawansu 'yan sa-kai ne, kowa da sana'arsa, da safiyar gobarar wasunsu daga gidana suka wuce wurin aiki ba su runtsa ba. A makon kaɗai, kamar yadda ɗaya daga cikinsu ya gaya mini, sun fita kashe wutar ciyawa da ta samo asali daga ƙona shara, domin ciyawar da ta bushe tun lokacin sanyi ba ta buƙatar fiye da tartsatsi ɗaya da 'yar iska. Duk da haka ba ma tuna su sai mun ji jiniya, in sun makara da minti kaɗan mu hau zagi, alhali sau da yawa mu ne muka toshe hanya da motoci, ko gidanmu ba shi da lambar da za a gani da dare. Ni ma da ina cikin masu gaggawar ganin laifinsu. Ina neman afuwarsu. Ina kuma gode wa matansu da mazajensu da iyayensu, waɗanda ke zaune ido biyu duk daren da aka kira su.

Maƙwabta, ban san da wane baki zan gode muku ba. Gidan da ya buɗe wa Hajiya da yara ɗaki tun a daren, har muka yi kwana biyar ba a nuna mana gajiya ba. Matan da suka kwashe kayan sawarmu suka wanke warin hayaƙi. Matasan da suka wuni suna kwashe toka da ɓaraguzai, suka ƙi karɓar ko sisi. Mai gyaran wutar da ya bi wayoyin gidan kaf kafin a maido mana da lantarki. Malaman makarantar yara da suka yi haƙuri da su a kwanakin da ba sa iya barci. Hajiya ta ce in gaya muku kowa yana cikin addu'arta, kuma ta fi ni sanin sunayenku.

Mun koma gida, ana kan gyara. Ƙofar nan kuwa na hana a jefar da ita, na jingine ta a tsakar gida, duk mai son gani ya zo ya ga fuskokinta biyu.

Asabar mai zuwa 'yan kwana-kwana za su ci gaba da zagayen a layukan da ba su kai ba, kuma na roƙe su su bar ni in riƙe musu tsani, sun amince. In kun ji mun ƙwanƙwasa, ku buɗe mana, ku kira yara da tsofaffin gidan su ma su zauna. Rabin awa ne.

Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri, ya tsare jami'an nan a duk inda aka kira su, ya maido da su ga iyalansu lafiya. Amin.